Amsar Babbar Kwamfuta

"Kwamared, ka rufa wa kanka asiri," in ji abokiyar aikinsa. "Duk abin da ka buga a injin nan, mutanen babban birni suna gani."

Bai saurare ta ba. Tun farkon zubar dusar ƙanƙara jami'ai suka tafi da ƙanensa, har yau shiru. Ya buga lambar shaidar ƙanen, layin tarho ya kai tambayar ga babbar kwamfutar rajistar jama'a.

Injin ya yi ƙaf-ƙaf, ya turo takarda: BABU WANNAN MUTUM.

"Ƙila layin ne," ta ce. "Gwada taka mu gani."

Ya gwada. Amsar ba ta canja ba. A hankali ta janye kujerarta daga kusa da shi.