Murhun Malam Gwadabe

Lubabatu ba ta nan. An haura kwana arba'in ke nan da aka kai ta makwancinta, kuma tun daga ranar itace ya daina auki a gidan mijinta, Malam Gwadabe.

Duk Zurgu an san Gwadabe da tsimi. Ƙwan lantarki ɗaya ne a gidansa, shi ma in an kawo wuta sai an yi magariba yake yarda a kunna. Da kananzir ya gagari talaka, gawayi ma ya bi bayansa, sai ya kwaɓa yumɓu da hannunsa ya gina wa matarsa murhu mai ƙaramin baki. Ya kafa doka: damin itace ɗaya, daga Juma'a zuwa Juma'a.

A makon farko, ranar Talata, Lubabatu ta same shi a tsakar gida, ƙannensa mata biyu na zaune.

"Malam, itacen nan fa ba zai kai ba."

"Murhun ba shi da laifi, hannu ne," in ji shi. "Ku a gidanku ba a koya muku tura ice ɗai-ɗai ba?"

Ƙannen suka yi dariya. Lubabatu ta sunkuyar da kai ta koma. Ba ta sake tambaya ba, kuma daga makon nan dami bai taɓa gaza kaiwa Juma'a ba. Shekara uku cur.

Gwadabe ya samu abin faɗa a majalisa. Abokinsa Habu yakan tsokane shi: "Malam Gwadabe, anya ba a rana ake shanya tuwonka ya dahu ba?" Amma Habun ne ya fara zuwa ya auna murhun da taƙi, ya je ya gina irinsa. Wasu ma suka gina. Babu wanda daminsa ya wuce kwana huɗu. Gwadabe ya ce musu laifin matansu ne, su turo su gidansa su koya.

Gaskiya ya yi dacen mace. Ba ta da hayaniya, ga tsafta. Ko a hanya ta ga leda ko tsinkakken silifa ba ta wucewa, sai ta tsince ta jefa a buhu, har yakan ce mata in mai gwangwan ya zo ta sayar kada ta manta da kasonsa. Girki kuwa sai ya tafi gona take ɗorawa, ta ja ƙyauren kicin ta rufe, wai kada iska ta cinye masa ice. In ya dawo da wuri ya nufi wajen, sai ta tare shi a ƙofa da kwanon ruwa. Wani lokaci miya takan zo da ɗan wari, ya ce daddawar bana ce ba ta yi kyau ba.

A shekara ta biyu tari ya kama ta. Aka sha jiƙo, aka sha zuma. Da numfashi ya fara gagararta a daminar shekara ta uku, ya kai ta asibiti a Rano. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya tambaya ko tana aikin da take shaƙar hayaƙi.

"Murhuna ba ya hayaƙi," Gwadabe ya amsa kafin ta buɗe baki.

Ba ta ga ƙarshen damina ba.

Ƙanwarsa Saudat ce ta taso daga Tarai ta riƙe masa gida. Dami ya ƙare a kwana uku. Ya kawo wani, shi ma kwana uku. Murhun dai shi ne, tukunyar ita ce, masu ci ma ba su ƙaru ba. Gwadabe ya fara kallon ƙanwarsa ta gefen ido. Ya raya a ransa ko dai rabar wa maƙwabta take yi, ko tana aikawa Tarai.

Safiyar sadakar arba'in, tsakar gida cike da mata, ya kasa haɗiye maganar.

"Saudat, ina kike kai min itace?"

Saudat ta ajiye muciya ta goge hannu a zani.

"Yaya, a gaban mutane kake ce min ɓarauniya?"

"Marigayiya mako take yi da dami."

"Haka ne. Zo ka gani."

Ya bi ta. Rabonsa da cikin kicin ɗin tun ranar da ya shafe murhun. Bangon ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo kamar an shafa kwalta. A bayan ƙyaure ga buhun Lubabatu nan, ya yi rabi.

"Tun ranar da na fara kwasar toka na gani," in ji Saudat. "Na yi shiru don kada in ƙara maka ciwo."

Ta sa wuƙa ta ɓanɓaro wani dunƙule daga gindin murhun, baƙi, mai tauri, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Sai ya zauna a ƙasa, cikin toka, da fararen kayansa.

A ranar ya roƙi gafarar ƙanwarsa a gaban matan nan. Har yau bai koma majalisa ba, in ya hango Habu sai ya sauya hanya. Dunƙulen yana cikin aljihunsa, da guntun igiyar silifa shuɗiya maƙale a jiki.

Duk wanda wannan ya isa gare shi, ya taya mu cewa amin. Allah ya yafe wa Gwadabe. Allah ya yalwata kabarin Lubabatu, ya sanyaya ƙirjin baiwarsa da ta shekara uku tana rufe ƙofa tana ƙona leda da tsofaffin silifa, tana shaƙar hayaƙinsu ita kaɗai, don itacen mijinta ya kai Juma'a.