Jajayen Sojojin Keith

Keith na gama jera 'yan ƙananan sojojinsa a kan teburin wasan yaƙi, sai zauren kulob ɗinsu na garin Bendigo ya kaure da dariya.

Shekara talatin kowa ya san rundunarsa da koren daji, har kofi huɗu ta ciyo masa. Amma sababbi goman da ya yi wa fenti a makon nan jajaye ne jawur.

"Haba tsoho!" in ji Warwick, abokin karawarsa. "Waɗannan a daji za su ɓuya, ko kashe gobara za su?"

Keith ya ɗauki sabo ɗaya, ya kara da na dā, ya ƙura musu ido. Shi dai iri ɗaya yake gani.

"Ja ne?" ya tambaya a hankali.

Dariyar ta ɗauke.

"'Yata ce ta kimtsa min teburin fenti bayan jana'izar mahaifiyarta, ta sauya wa kwalaben wuri." Keith ya ajiye sojojin biyu a kan tebur. "Tunda nake ban taɓa bambance kore da ja ba. Matata Glenys ce ke ajiye min koren a hannun dama. Ko 'yarmu ba ta taɓa gaya wa ba."