Yaron da Ke Ɗauke da Fitila

"Mama, ki ɗauke fitilar nan kafin ta iso," in ji ɗanta.

Tsohuwar ta tsaya tsakaninsa da fitilar. Baƙin yaro ne na katako, da rawani da sarƙar zinariya a wuya, ya durƙusa kamar bawa yana tallabe da kaskon gilashi a bisa kansa. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa shi, irin yadda kakanninsa suka saba yi a nan birnin Venis na Italiya.

"Aikin ubanka ne. Kunyarsa kake ji?"

"Matar da zan aura 'yar Senegal ce, Mama. Me kike so ta fara gani?"

Aka kaɗa ƙararrawar ƙofa. Ya dube ta, ya sauka don ya buɗe.

Ta jiyo takunsu a matakala, da dariyar budurwar. Ta durƙusa da ƙyar don ta zare wayar fitilar daga bango, sai kafaɗarta ta bugi fitilar, gilashin ya goce. Ta cafe shi da hannu biyu a saman kanta.

A haka suka shigo suka same ta, gwiwoyi a ƙasa, kusa da yaron katakon.

Budurwar ta daɗe tana kallonsu su biyun. Sannan ta karɓi gilashin, ta kama hannun tsohuwar ta miƙar da ita.

"Sannu, Mama," ta ce a hankali. "Shi kuma fa, sai yaushe zai miƙe?"