Tafin Hannun Baffa

Baffa ya dire kwalin a kan tebur da ƙarfi, har sukurori suka watse ƙasa. Kwali na huɗu ke nan da aka dawo da shi. Manyan fitilun LED ne na filin ƙwallo, wata biyu kacal suka yi a sama, ƙwayar kowace ta yi baƙi ƙirin.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Shi ya taka ofishin Manajan kamfanin haɗa fitilun da ƙafarsa, ya ajiye girma ya roƙa a ɗauki 'yar marigayi wansa aiki. Yanzu kowa Injiniya yake ce mata, shi kuwa aikinsa cika kwali da lodi. Wannan bai taɓa damunsa ba. Taurin kanta ne ke ci masa rai.

Zuwanta ke da wuya ta hana shafa farin man da aka saba sawa tsakanin ƙwayar fitila da farantin alminiyam na bayanta. Ta kawo wata 'yar shimfiɗa mai ruwan toka, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, wai ita ce maganin zafi. Sai dai tana da tsirfa, in ba ta kwanta daidai ba aikin banza aka yi.

Zafi kuma wa za a koya wa? Shekara ashirin da shida Baffa ya yi yana gyaran fanka da injin ban ruwa. Duk injin da ya fara ƙona tafin hannu, to a fara yi masa addu'a.

Kowace Alhamis Injiniya takan kunna sababbin fitilu na awa guda, ta bi su da na'urar awo, sannan ta raba su biyu: kantar dama na masu fita kasuwa, kantar hagu na waɗanda za a sake kwancewa. A makon farko, tana fita cin abinci Baffa ya shigo da kwalayensa. Ya ɗora hannu a bayan wata ta dama, ya fizge ba shiri. Kamar dutsen guga! Ya taɓa ta biyu, ya taɓa ta uku, duk haka. Na hagu kuwa ɗumi-ɗumi, lafiya lau.

Duk wannan digirin, dama da hagu ma sun gagare ta!

Ya ja tsaki, ya sauya musu wuri, ya cika kwali da masu sanyin. Bai faɗa wa kowa ba, ita ma bai faɗa mata ba, don kada ta ji kunya. Haka ya riƙa yi duk mako, yana ƙunƙuni yana rufa wa jininsa asiri.

Ga shi duk da haka sun ƙone. To ina ga a ce bai sa hannu ba?

Da azahar Manaja ya kira ta. Ta bayan ƙofa ana jin faɗansa: masu filin sun janye kwangila, sunan kamfani ya ɓaci, ita kuma ta kasa faɗin dalili. Sau uku ta ce awonta daidai ne. Ta fito da takardar sallama a hannu, idonta jajir.

Baffa ya cim mata a kan bene.

"Kin huta!" ya ce. "Na ce ki bar ɓawon albasar nan, kin ƙi. Wata shida ina gyara ɓarnarki a ɓoye. Da na bar masu zafin nan da kike jerawa a dama sun fita, ai da tun makon farko an kore ki!"

Ta tsaya cak.

"Me ka yi musu, Baffa?"

"Na mai da su hagu mana, na aika masu sanyi."

Ta kalli hannunsa. Sannan ta waiga ƙofar Manaja, ta ga a buɗe take, sai ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Baffa, fitilar da bayanta ya yi zafi ita ce mai lafiya, ta fitar da zafinta waje. Masu sanyin da kake aikawa, a ciki suke dahuwa."