Kofi Uku na Shamfen

Garzali ya tuɓe takalmi a ƙofar falon Baba Umara da ke unguwar Jiddari Polo, ya shafa aljihun babbar rigarsa, ya ji takardar tana nan. Sai hankalinsa ya kwanta.

Takardar jerin abinci ce ta masu ajin farko a jirgi, mai kauri, da rubutun ruwan zinari. A kan wata kujerar gaba ya tsince ta, lokacin da ake fita daga jirgin da ya kwaso su daga Dubai, inda ya je saro wayoyi. Shi kam awa bakwai ya yi a can ƙuryar baya, gwiwa na gaisawa da haɓa. Amma kwana uku ya kwashe yana haddar takardar nan kamar mai shirin musabaƙa.

Yau Baba Umara, babban dillali a Kasuwar Shanu kuma waliyyin Humaira, zai gan shi ya yanke maganar aurenta. Garzali yana son Humaira har cikin ransa, ga wani ɗan kwangila yana ta zarya a layin da mota mai ƙyalli. An kuma gaya wa Garzali kalmar tsohon: mashayi ba ya ba shi 'ya, maƙaryaci kuwa ko akuya ba ya sayar masa. Garzali ya ce a ransa, giya dai bai taɓa ko sansana ba, ƙarya kuwa ai sai an kama mutum take amsa sunanta.

"Wushe, wushe," in ji Baba Umara. Aka gaisa, Garzali ya zauna a kan darduma kusa da Mikail, babban ɗan tsohon, mai shagon magani.

Yayar Humaira ce ta shigo da abinci, Ammatullahi, wadda aka ce ta zo hutu daga wurin aikinta a ƙasar waje. Kunyar gidan surukai ta sa Garzali ya sunkuyar da kai, gefen lafayar da ta naɗe jikinta da ita kawai yake gani. Da hannu ɗaya ta ɗauko faranti cike da kofunan shayi, ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ajiye burabusko, ta rage tsawo a gefensa.

"Kaza ko kifi?"

"Kaza," ya ce, bakinsa ya riga tunaninsa.

Ta ɗan dakata, sannan ta zuba masa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"An ce ka yi tafiya," in ji Baba Umara. "Yaya hanya?"

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Garzali ya zaro takardar, ya ajiye kamar wanda bai damu da ita ba. Ya ce shi ba ya iya doguwar tafiya sai a ajin farko. Kafin ka zauna an miƙo maka tawul mai ɗumi. Kujera ka danna ta zama gado. Ya zana naman rago da aka gasa da zuma, da cuku kala biyar, da wani baƙin ƙwan kifi da ake ɗiba da ɗan cokali, wanda gwangwaninsa ɗaya ya kai kuɗin maraƙi.

"Ƙwan kifi?" Baba Umara ya yi dariya. "A Baga, garin masunta, kyanwa ake zuba wa."

Duk da haka ya gyara zama, ya juya takardar a hannunsa, ya jinjina kai. Garzali ya ga kasuwa tana ci, sai ya ƙara wa miyar gishiri. Daga bakin ƙofa ya ji wani ɗan tari, bai kula ba.

"To abin sha fa, ɗana?"

Shafi na ƙarshe ke nan, wanda ya fi wahalar hadda, kuma Garzali ba ya son wahalarsa ta tafi a banza. "Baba, akwai wani da ake kira shamfen. Sanyi ƙalau, yana ta kumfa. Kofi uku na sha, har yarinyar jirgin tana cewa ba ta taɓa ganin wanda ya san daɗinsa kamar ni ba."

Mikail ya ajiye cokali. "Baba, shamfen giya ce."

Baba Umara ya ture takardar da ɗan yatsa, ya goge yatsan a jikin darduma. Ya zuba wa Garzali irin kallon da yake wa sa mai ɓoyayyen ciwo.

"Kofi uku?"

Gumi ya karyo wa Garzali. In ya ce ya sha, ya zama mashayi. In ya ce bai sha ba, ya zama maƙaryaci. Gaba kura, baya sayaki, kuma ko ta ina Humaira ce za ta suɓuce masa. Tsoro ya kama shi sosai.

Sai lafayar nan ta matso. Karon farko Garzali ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai ita, ya ga wani irin murmushi da ya tabbata ya taɓa gani a wani wuri.

"Baba, ni shaida ce, wallahi bai sha ba," in ji Ammatullahi. "A jirgin da nake aiki ya dawo, layi na hamsin da uku ya zauna, jikin ƙofar bayi. Ni na miƙa masa kaza da ruwan lemo, har sau biyu yana roƙona ƙarin burodi."