Auta Ta Sa Hannu

Auta tana shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai, amma ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Sau da yawa amsa tana bakinta, sai ta haɗiye, wani ya faɗa a yaba masa. A gida ta koyi haka. In ta sa baki a magana, yayanta yakan ce ta yi wa mutane shiru, me ta sani, mahaifinsu kuma ya yi dariya. Da haka ta girma. Ko lambar wayarta aka tambaye ta, sai ta duba kafin ta faɗa.

Ƙawarta ta ɗaki kuwa ba haka take ba. Lauya suke kiranta, domin ko a kan wa zai yi shara sai ta kawo hujja uku. Ita ke kwana a gadon sama, Auta a na ƙasa. Da aka nemi ɗalibai su yi aikin wucin gadi a zaɓen ƙasa, Lauya ta rubuta sunayensu su biyu ba tare da shawara ba. Ta ce in an jira Auta ta yanke hukunci, sai an rantsar da wanda ya ci.

Aka tura su rumfa ɗaya, a wani ajin firamare da tagoginsa ba su da marfi. Shugaban rumfar dattijo ne mai tabarau da taushin murya, yana ce musu 'ya'yana. Tun safe Auta ke duba sunaye tana shafa wa mutane tawada a yatsa. Ta ga tsohuwar da aka riƙo da ƙyar, ta ga tela da ya rufe shago ya tsaya awa huɗu a rana. Ta ji a ranta yau ita ma tana da amfani.

Bayan la'asar aka zazzage akwati a teburin malami, aka ware ƙuri'u tari-tari. Wakilan jam'iyyu suna gefe suna gardama a kan waɗanda suka lalace. Dattijon ya tura wa Auta tari ɗaya. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta gaya masa a hankali ɗari da tamanin da shida ne. Tana kallo ya rubuta tamanin da shida a takardar sakamako.

Lauya ta leƙa takardar, ta dubi teburin. Ta ce wa dattijon wannan tarin ya fi na kusa da shi kauri, alhali an ba wancan ɗari da ashirin. Sai ta juyo.

"Auta, ke kika ƙirga. Nawa kika samu?"

Dattijon ya kalle ta ta saman tabarau. Cikin tausayi ya ce yarinyar nan tun safe ba ta ci komai ba, kanta ya ɗauki zafi, shi kuma zaɓe na biyar ke nan yana wannan aiki. Auta ta ji lambar tana narkewa a kanta. Wace ce ita da za ta ƙaryata sa'an mahaifinta a gaban jama'a?

"Ƙila ni ce na ruɗe," in ji ta. Ta karɓi biro ta sa hannu.

Lauya ta ƙi sa nata, ta ce sai an sake ƙirga. Dattijon bai yi musu ba. Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya gaya wa mutanen da ke jira cewa an turo wata yarinya ta hana a faɗi sakamako. Mutane sun gaji, tun rana kuma jita-jitar maguɗi ke yawo. Kafin mai tsaron rumfar ya yi wani abu, duwatsu sun fara shigowa ta taga. Ɗaya ya sami Lauya a gefen kai. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta buɗe ido ba, ta cika. Ƙuri'un rumfar kuma aka soke su gaba ɗaya.

Makaranta ta ci gaba. Ana shiga aji, ana bin layin ruwa, samari suna cacar baki a kan wanda ya ci da wanda aka kayar. Auta takan dawo da rana ta kwanta, ta zuba wa katakan gadon sama ido. Wani lokaci sai ta ji kamar sun motsa, kamar za a sauko da ƙafa a ce ta tashi su tafi karatu. Ranar da malamin lissafi ya rubuta aiki a allo ya tambayi aji nawa suka samu, ta miƙe ta fita. Ba ta rubuta jarrabawar zangon ba.

Bayan sati uku mahaifiyar Lauya ta zo kwashe kaya. Tana ninke tufafi tana sa wa Auta albarka, domin an gaya mata ita ce ta riƙe kan 'yarta har asibiti. Auta ta kasa jurewa. Ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga ƙirgar har sa hannun, ta ce ta san ba ta ruɗe ba.

Matar ta gama ninke mayafin da ke hannunta, ta sa a jaka, ta ja zif.

"A can ake bukatar wannan maganar, 'yata. Ni yanzu me zan yi da ita?"

Ta ɗauki jakar ta fita.

Iyaye da yayye, yaron da kuka saba ce wa "me ka sani" zai yi shiru ranar da rai ya rataya a bakinsa. Ku kuma ɗalibai, abin da idonku ya gani ku faɗe shi a lokacinsa, ko da murya tana rawa, domin gaskiyar da ta makara ba ta ceton kowa.