Mai Farke Ɗinki

"An sake farkewa!" in ji wata tela, ta yar da rigar kamar ta taɓa wuta.

Haka Baba yake yi kafin ya rasu: duk ɗinkin da ba a gabansa aka yi ba, sai ya farke. Da na gaji shagon, na bar kowa da aikinsa. Amma kullum sai mu tarar an farke ɗinkin jiya. Har an fara cewa Baba bai bar shagon ba.

Yau na yi sammako na laɓe. Tsohon telanmu ne ya shigo, ya ɗauki reza, ya hau farke rigar da shi ya ɗinka.

"Kawu, me kake yi?"

Bai ɗago ba. "Maigida bai duba ba, 'yata. Ta ina zan san daidai ne?"